Ranar da Aka Sallama Mini Kwale-kwale

Matata tana cewa ni almubazzari ne, kuma wannan ƙazafi ne. Almubazzari yana son abin da ya saya. Ni kuwa rabin abin da na saya a rayuwata ban taɓa sonsa ba, ko na minti ɗaya. Cutar da ke damuna daban ce, sunanta tayi.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san yadda abin yake. Ka ga kaya, ka ce nawa, mai kaya ya faɗi kuɗin da shi kansa ya san ƙarya ne, kai kuma ka taya da kuɗin da kai ma ka san rainin hankali ne. Idan bai yi masa ba ya ce albarka, ka wuce, babu wanda ya ci wani. Idan ya yi masa ya ce ya sallama, to magana ta ƙare, sai ka sa hannu a aljihu. Mutanen kirki suna taya abin da suke bukata. Ni don daɗin tayin nake yi. Wasu dara suke bugawa, wasu kallon ƙwallo, ni kuwa ranar kasuwar Haɗeja nakan sa kaftani mai guga in bi layi-layi ina taya abubuwan da ko kyauta aka ba ni ba ni da inda zan ajiye su. Gwanintata ita ce in taya ƙasa sosai, yadda mai kaya zai dafe ƙirji ya ce, "Haba Malam, satowa na yi?" In yi dariya, shi ma ya yi, in ƙara gaba ina jin na yi ciniki alhali ko sisi ban kashe ba.

Sai dai wani lokacin akan faɗa wa mai kayan da ya gaji da kayansa fiye da yadda na zata. Irin waɗannan ranaku ne suka cika mana ɗakin ajiya. Akwai injin niƙan tattasai na hannu wanda ba shi da hannun. Akwai takalmin ruwa irin na masu noman rani, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma. Akwai agogon bango mai kiran salla, wanda yake kiran la'asar da hantsi, har wata rana ya sa wani baƙona ya yi alwala. Talo-talon da na taya a bakin tasha shi kaɗai ne bai shiga ɗakin ba, don shi tsakar gida ya mallake, ya hana kowa zuwa banɗaki cikin kwanciyar hankali wata biyu, kafin muka cinye shi don ramuwa. Matata ta sa wa ɗakin ajiyar suna gidan tarihi. Idan na shigo da leda a hannu ba ta tambayar me na sayo, sai ta ce, "Yau kuma wa ya sallama maka?"

Za a ce me ya hana ni in ce na fasa. Kunya ce. Ni malamin makaranta ne, na fi shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, rabin masu rumfa a kasuwar nan ko ɗalibaina ne ko iyayen ɗalibaina. A ganina mutumin da ake kira Malam ba ya tayi a sallama masa ya juya baya. Na ɗauka idan na yi haka har jikokina sai an nuna su da baki.

Yanzu sai in kawo maganar Inna, don ba don ita ba da duk wannan labarin na dariya ne.

Ni ne ɗanta na fari, ita kuma tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda yanzu ta kusa ƙarewa. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Tun ina shekara shida aka kawo ni riƙo gidan kawuna a cikin gari, shi ya sa na tashi ɗan fadama wanda bai iya iyo ba. Idan na je ƙauyenmu, can wajen Auyo, na durƙusa na gaishe ta, takan amsa ne tana kallon kaza ko murhu. Idan tana da saƙo, ƙanwata take faɗa wa, ko da muna zaune a tabarma ɗaya: "Ki ce wa na birni ga fura nan." Na birni, sunan da nake da shi a bakinta ke nan. Na san al'ada ce, na kuma san tana sona, don furar da ake ajiye mini ta fi ta kowa nono. Amma ba zan ɓoye ba, tun ina yaro nake kwaɗayin ranar da za ta dube ni ta yi mini magana, ko da faɗa ne.

Ɗakinta na ƙasa ne, mahaifina ya gina shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta. A bangon ciki, daidai saitin kan gadonta, akwai sawun yatsunsa huɗu, inda ya ja yaɓe bai koma ya goge ba. Tun da ya rasu, duk shekara idan za a shafa wa ɗakin farar ƙasa, takan tsaya a kan mai shafawa har sai ya zagaye wurin. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, ba wanda kuma ya taɓa tambayarta.

Matsalar ita ce ruwa. Tun da ciyawar kachalla ta cushe hanyoyin da ruwa ya saba bi, kowace damina sai ya ƙara matsowa cikin gari, yana lasar gindin ɗakunan da ke gefen fadama. Na Inna yana cikinsu. A shekarar da nake magana, sanyi na tafiya sai ga ƙanwata a gidana da ƙullin tsumma.

"Yaya, Inna ta sayar da awakinta biyu," in ji ta. "Ta ce a kawo wa na birni kuɗin, shi ya san kan siminti, ba za a cuce shi ba. A ɗaure wa ɗakin gindi kafin ruwa ya sauko."

Na karɓa da hannu biyu, kaina ya yi girma. Na ce ta gaya wa Inna ta ɗauka an gama.

Ranar kasuwa na sa ƙullin a aljihun gaba na fita da niyyar zuwa wajen masu siminti kai tsaye. Allah ya sani da niyyar na fita. Sai dai na ce bari in biya ta bakin gada in ga ko tarwaɗa ta yi araha, don kallo kawai. A nan na tarar da mutane sun kewaye wani kwale-kwale da aka jawo gaɓa, rabinsa a ruwa rabinsa a tudu. Mai shi wani tsohon masunci ne, siriri, yana zaune a bakin jirgin yana shafa gwiwa. Ya ce gwiwoyin sun ƙi, 'ya'yansa kuma duk sun koma acaɓa, babu mai son warin kifi.

Babu wanda ya kira ni. Ni na kutsa da kaftanina, na sunkuya na ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana.

"Baba, wane itace ne wannan?"

"Maɗaci ne, Malam."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani, yana gwada mutum ne kawai. Da cewa ya yi ƙirya ce ko kuka, haka zan gyaɗa.

"Nawa?"

Ya faɗa. Ni kuma na buɗe baki na taya, kuma saboda tun safe lissafi ɗaya ne a kaina, sai kuɗin awakin Inna ya fito daga bakina cif. Bai kai rabin abin da ya ce ba. Na gyara tsayuwa ina jiran ya dafe ƙirji.

Tsohon bai dafe komai ba. Bai ma dube ni ba, jirgin ya tsura wa ido, ya daɗe. Sannan ya ce, "Na sallama. Allah ya sa ka fi ni cin moriyarsa."

Wuri ya ɗauki "Allah ya sanya alheri!" Wata mai soya kifi har da guɗa. Wani mutum da na koyar da 'ya'yansa uku ya kama hannuna yana girgizawa, yana cewa, "Ashe Malam har da kamun kifi kake taɓawa? Ka ɓoye mana!" Kalma biyu ce kawai ke tsakanina da tsira, na fasa, kuma suna nan a kan harshena, ina jin nauyinsu. Na dubi fuskokin da suka kewaye ni, na ga yadda za su koma idan na faɗa. Sai hannuna ya tafi aljihu.

Inna ta ƙulle tsumman nan tam, irin ƙullin da mata ke yi wa abin da suke tsoron ya zube a hanya. Farcena ya kasa kwance shi. Da haƙori na kwance shi, a gaban jama'a, ina murmushi.

Da zan tafi neman abin ɗauka, tsohon ya kira ni ya ce, "Malam, kada ka raba shi da ruwa." Na ce to. A raina kuwa na ce wannan tsoho bai yi makaranta ba. Wa bai san ruwa ne ke ruɓar da katako ba?

Da amalanken shanu aka kai shi gidana. Ya ƙi shiga ta zaure, sai da maza shida suka ɗaga shi ta kan katanga, unguwa duk ta fito kallo. Matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta dubi jirgin tun daga kai har wutsiya, ta dube ni.

"Malam, kogin yana biye ne, ko shi sai kasuwa mai zuwa?"

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Na bari ta gama, sannan na gaya mata da kuɗin wa na saya. Dariyar ta ɗauke ɗif.

"Ka mayar masa."

"An riga an sallama."

"To ka kira ƙanwarka ka faɗa mata gaskiya."

Na ce ba sai an kai ga haka ba. Na ce ita ba ta san kasuwanci ba, na samu jirgin nan a ƙasa da rabin kuɗinsa, mako guda zan sayar in ci riba, in sayi simintin har da ƙari. Ta ce Allah ya sa, da irin muryar da ake yi wa mara lafiyan da aka cire rai da shi.

Na sa dillali ya baza labari, masu saye suka fara zuwa. Na farko ya taya ƙasa da abin da na biya, na ce albarka da ƙarfi. Na biyu ma haka. Kafin na uku ya zo jikina ya yi sanyi, yana tayawa na ce na sallama. Ya ce bari ya je ya dawo, kuma har yau yana dawowa. Na huɗun ne ya ba ni mamakin da ban taɓa ji ba. Wani dattijo ne da rawani, ya zagaya jirgin, ya taya, na sallama, sannan ya ce, "Kai, na fasa." Ya yi mini sallama, ya sa takalminsa, ya fita. Na bi shi da kallo har zaure ina jiran in ga ƙasa ta tsage ta haɗiye shi. Ko tuntuɓe bai yi ba.

"Kin ga mara kunya?" na ce wa matata.

"Na gan shi," in ji ta. "Ya tafi da kuɗinsa."

Sai na yanke cewa abin da ke korar masu saye shi ne tsufan jirgin. Na sayo fenti shuɗi na shafe shi ciki da waje. Na sayo sarƙa da kwaɗo na ɗaure shi a jikin bishiyar darbejiya, jirgin da sai maza shida sun taru kafin su sace shi. Na ɗora shi a kan bulo, a inda rana ta fi bugawa, don kada danshi ya taɓa shi. Haka ya sha bazarar Haɗeja tun daga farkonta har ƙarshenta. Da tsakar rana nakan ji wani ƙas, ƙas, in ce kwanon rufi ne ke miƙewa. Matata ta mai da shi wurin shanyar kuɓewa da tattasai, wata kaza kuma ta yi ƙwai a ƙarƙashin mazaunin baya, ta ƙyanƙyashe bakwai. Ribar da jirgin ya kawo gidana ke nan.

Ƙanwata tana bugo waya duk mako. Na ce siminti ya hau, ana jira ya sauko. Na ce motar da za ta kawo mai kyau ta lalace a hanya. Na ce maginin da na amince da shi ya tafi aiki wani gari. Ban san ina da baiwar ƙarya ba sai a watannin nan. Niyyata in cike gurbin da albashi, amma albashin malamin makaranta kafin ya iso akwai masu jiransa a bakin ƙofa: hatsi, kuɗin makarantar yara, ga salla ta ƙarato. Kuma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya a rubutun nan, a cikin watannin ne na taya wata fanka mai caji aka sallama mini.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, shinkafa ta tashi, marka ta kama. Wata safiya ƙanwata ta kira, muryarta babu wasa.

"Yaya, ruwa ya zo bayan ɗakin Inna. Ƙasan bangon ya jiƙe har ya fara zubewa."

A ranar na tattara abin da ke hannuna na tafi wajen mai siminti. Buhu biyu kawai ya isa. Ya faɗi kuɗi na biya, ban taya ba, har mutumin ya tambaye ni ko lafiya. Sai dai hanyar ƙauyenmu ta riga ta yanke. Babura suna kaiwa wani wuri ne su tsaya, daga nan sai jirgi. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi, sai wani haske ya sauko mini. Ni fa ina da jirgi!

Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ce wa matata, "Kin ga abin da nake faɗa miki? Wa ya san ranar da abu zai yi amfani?" Ta kwashe tattasanta daga cikin jirgin. Aka sake kiran maza shida, aka sake tsallake katanga, aka sake ɗora shi a amalanke, ni a gaba a kan babur ina tafiya a hankali don kowa ya gani.

A inda hanya ta ƙare na samu wani matuƙi, magidanci mai faɗin kafaɗa, na ce ya tuƙa ni a jirgina. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya sa farce ya ɓare fentin a wani wuri, ya zura ɗan yatsansa ya fito ta ɗaya gefen.

"Malam, wannan ya sha rana. Katakon ya tsotse, duk ya buɗe. Sai an nutsa shi a ruwa kwana uku ya kumbura, sannan a toshe da tsumma da kwalta."

Na ce ba ni da kwana uku. Na ce fentin mai ne, ruwa ba ya ratsa shi. Ya dube ni, ya dubi kaftanina, ya ce, "To, kai ne mai jirgi."

Aka ɗora buhunan, na zauna a kansu, ya sa gora ya tura. Taku goma na farko su ne mafi daɗin tafiyar da na taɓa yi. Ga shinkafa kore shar ta ko'ina, ga balbelu, ga ni a cikin jirgina na kaina ina kai wa uwata siminti. Sai na ji sanyi a tafin ƙafa. Na duba, ruwa na shigowa ta ko'ina kamar ta rariya. Na cire hulata na fara kwarfa. Kafin mu wuce gonar farko ya kai idon sawu, kafin mu kai ta biyu ya kai buhunan. Jirgin bai kife ba, bai yi wata hayaniya ba, zama kawai ya yi a hankali har ƙasa. Ni kuwa da na ji ruwa a ƙirjina na ɗaga hannu sama na fara salati da iyakar muryata, ina yafe wa kowa, ina neman a yafe mini.

"Malam," in ji matuƙin, "miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya ƙuguna ne.

Mutanen da ke jiran jirgi a gaɓa sun yi dariyar da ta ninka wadda na guje wa a bakin gada sau goma. Wani har da kwanciya a kan babur ɗinsa. Aka jawo buhunan, sun jiƙe sharkaf, kowa ya ce in bar su, sun tashi daga aiki. Na ƙi. Na sa aka ɗora mini su a jirgin haya, don ba zan iya isa gaban Inna hannu rabbana ba.

Da la'asar muka isa. Bangon baya ya faɗi tun da hantsi, wato ɓangaren da gadon yake. Allah ya tsare, ba kowa a ciki, an riga an fitar da ita da akwatinta da ƙorenta zuwa gidan ƙanin mahaifina a kan tudu. Kafin in je wurinta sai da na tsaya a kan ɗakin. Tulin laka ne kawai yana narkewa a ruwa. Na tsuguna ina juya ɓaraguzai ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ke da sawun yatsu huɗu. Na san wauta ce, na ci gaba da yi har ƙanwata ta zo ta ce in taso.

Inna tana zaune a tabarma a rumfa, ta miƙe ƙafa, tana jan carbi. Na durƙusa nesa kaɗan, ruwa na ɗiga daga kaftanina, na gaishe ta. Ƙanwata ta buɗe baki za ta yi mini bayani kamar yadda aka saba. Sai Inna ta ɗago kai ta dube ni. Ni, a fuska. A ranar na san idanunta ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, irin nawa.

"Kai," in ji ta.

"Na'am, Inna."

"Labarin jirgin nan na ji shi tun ranar da ka saya. Masu kawo kifi sun faɗa."

Wato duk ƙaryar simintin da ya hau da motar da ta lalace, ƙanwata na kai mata, tana ji, tana cewa to.

"Da ka ce ka fasa, dukanka za su yi?"

"A'a, Inna."

"Ɗaure ka za su yi?"

"A'a."

"To me za su yi?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Dariya."

"Dariya," in ji ta. Sannan ta mai da idonta kan carbinta, ta ce wa ƙanwata, "Ki ba na birni zane ya ɗaura, kayansa sun jiƙe."

Shekara arba'in da wani abu ina jiran ranar da za ta yi mini magana. Na sha ƙiyasta ta: ranar da na gama makaranta, ranar aurena, ranar da aka haifa mini ɗan fari. Duk ba ta yi ba. Sai ranar nan, kuma da ɗakinta na saye ta. Na shiga bayan rumbu da zanen da aka ba ni na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina.

Bayan ruwa ya janye mun haɗu mun gina mata wani ɗakin, na bulo, da rufin kwano. Tana kwana a ciki, tana cewa yana da zafi, ba ta ƙara komai a kai. Buhunan nan biyu sun daskare sun zama duwatsu, har da sawun ɗinkin buhu a jikinsu. Ita ta sa aka jera su a ƙofar sabon ɗakin, su ne matakala. Duk wanda zai shiga gaishe ta sai ya taka su, ni ma haka. Ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba, mun koma ki ce wa na birni.

Jirgin kuwa a inda ya nutse na bar shi, na ce wa matuƙin ya ɗauka kyauta. Ya kwana uku a ruwa ya kumbura, tsagoginsa suka haɗe, aka toshe sauran da tsumma da kwalta. Har yau yana fiton mutane da buhunan shinkafa, shuɗin fentina na nan a gefensa. Duk sanda matuƙin ya hango ni sai ya ɗaga gora ya ce, "Malam, maɗaci ne na gaske! Ka iya zaɓe!"

Ba zan ce na warke ba. Na kafa wa kaina doka cewa ba zan ce nawa ba sai a kan abin da na ambaci sunansa a gida kafin in fita, matata kuma ta ji da kunnenta. Dokar tana aiki kamar yadda dokokin ƙasar nan ke aiki. Watan jiya ma na karya ta. Na je sayen albasa, na ga wata ƙatuwar tukunyar biki, irin wadda ake dafa wa unguwa guda, bakina ya riga ni. Na taya, mai ita ya ce ya sallama tun ban rufe baki ba. Nan da nan aka taru, aka fara Allah ya sanya alheri, na ji hannuna ya kama hanyar aljihu da kansa.

Na riƙe shi. Na ce, "Na fasa."

Aka yi dariya, ba ƙarama ba. Mai tukunya ya ce, "Haba! Malam guda?" Wani ya ce dama 'yan boko haka suke, sai guga babu nauyi. Na juya na nufi inda na kafe babur ɗina, ina tafe ina saurarensu a bayana, don ina son in ji iya inda abin zai kai.

Tafiyar ba ta fi taku talatin ba. Kafin in isa sun koma musu a kan farashin albasa, mai tukunya yana kiran wani. Na tsaya riƙe da makulli, na daɗe ban iya tayar da babur ɗin ba.